Zanen da na riƙe a bakin gulbi

Salama gare ka, mai gabatar da shiri, da dukan masu saurare. Ni ce Saratu, mai saida albasa a kasuwar Malanville.

Shekara bakwai ke nan da jirgi ya kife da mijina a gulbin Kwara, ya rasu. Tun ranar ko kallon gulbin ba na yi. Ina zuwa majami'a, amma addu'ata a baki ta tsaya.

Bana da lokacin baftisma ya zo, uwar zumuntar mata ta ce mini, "Saratu, ɗiyarki za ta shiga ruwa. Ke za ki riƙe mata zane." Haka muke yi, babbar mace ke tarbar mai fitowa da busasshen zane.

Na je bakin gulbin ina cewa, "Yesu, riƙe ni." Fasto ya nutsar da ita, numfashina ya ɗauke. Sai ga ta ta ɗago. Na lulluɓe ta, na yi kukan da na danne shekara bakwai.

Yanzu har wanki nake yi a can. Amma kifin gulbin har yau na kasa ci. 'Yan'uwa, ƙarancin bangaskiya ne, ko in ƙara haƙuri da kaina?