Hannun Jikana Bai Kai Kunne Ba

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ce Inna Ige daga bakin ruwa, Yelwan Yauri. Ina gaida tsoffin unguwarmu masu kasa kunne da wannan shiri.

Da aka fara ɗaukar yara a makarantar rainon yara ta gwamnati a cikin gari, na wanke maigidana, wato jikana Sadi, ɗan masunci, muka hau kabu-kabu. Malama ta ce ya ɗora hannu bisa kai ya kamo kunnensa. Hannu bai kai ba. Ta ce, "Inna, bai isa ba, sai baɗi."

Na ce, "'Yar nan, kan gidansu ne haka, ƙato. Kakansa ma da furfura da ƙyar yake kamo nasa." Aka yi dariya, amma ba a ɗauke shi ba.

Muna tsaye sai ga matar wani ma'aikaci ta sauke ɗanta daga goyo. Ba wanda ya tambayi kunnensa, aka shige da shi. Na leƙa ta taga, ajin cike da 'ya'yan 'yan kasuwa da ma'aikata, ban ga ɗan bakin ruwa ko ɗaya ba. Maƙwabtana ma da kunnen nan aka koro nasu.

Yanzu Sadi yana wuni gindin kwalekwale yana jan kunnensa, wai ya matso kusa, ni kuwa ina tsoron ruwan nan.

Don Allah a ba ni shawara, a kuma tambayo mini: kunnen yaro ake aunawa, ko sana'ar ubansa?