Filin da Baba Mai Gishiri Ya Riƙe Mini

Buhun masara uku na sayar, da ɗan ragon da na so in ajiye wa layya, su ne kuɗin tafiyata Abuja. Inna ta ƙara mini da ribar ƙuli-ƙulinta, ta ƙulle a tsumma, ta ce kar in kwance sai yunwa ta kai ni bango. Ban kai Funtuwa ba na kwance, na sayi tsire. Ku yi dariyarku. Ku da kuka zo tambayata wace mota ke tashi da sassafe, ku ci gaba da ɓarar masarar nan, ni kuma in ba ku labari, in kun ji sai ku tafi.

Ba buɗe ido ya kai ni ba. Abu ɗaya na fita nema: fili a cikin garin Ƙanƙara, in gina wa Inna ɗaki. Lokacin an fara jin motsin 'yan bindiga a dajin da ke bayan ƙauyenmu, can gaba da Mabai, ga Inna ƙafa ta yi nauyi, in ta ɓaci ba gudu za ta iya ba. To akwai aminin mahaifina, Baba Mai Gishiri, mai rumfar gishiri a kasuwar Ƙanƙara. Yana da fili a bayan gidansa, babba, sai ciyawa da kaji. Ana jibi zan tafi na je na durƙusa a gabansa.

Na ce, "Baba, hilin nan na bayan gida nike so, saboda Inna. Amma yanzu ban da halin shi."

Ya ce, "Dubu ɗari uku na sa mashi. Kai ɗan Malam Idi ne. Tahi ka nemo, na riƙe maka."

Kuɗin ragon nan suna aljihuna. Wallahi sai da hannuna ya shiga aljihun, in ciro wani abu in ba shi kafin alƙalami, ɗan abin da ake ajiyewa ciniki ya ɗauru. Sai kunya ta kama ni. Mutumin da ya yi wa ubana wanka ranar da ya rasu, shi zan miƙa wa kuɗi kamar ban yarda da bakinsa ba? Na zaro hannuna wayam, na yi godiya, ya sa mini albarka.

Abujar da kuke ɗoki, ku sani, ba cikinta za ku zauna ba. Mararaba za ku zauna, ku riƙa hango ta. Nan na samu aiki wurin wani dillalin gidaje, Oga Sande, mutumin Jos, Hausa a bakinsa kamar ruwa. Su can ba sa cewa dillali, sai ejan. Ranar farko ya ce in kai wani mutum ya ga safkwanten. Na ɗauka wani babban abu ne, har na gyara hula. Ashe ɗaki ne guda aka cusa mashi makewayi a ciki, mutum ya kwanta kansa na jingine da bangon masai, ya kuma biya ƙarin kuɗi saboda wannan gatan! Na ce ikon Allah. Akwai kuma kwashan, kuɗin da za ka ajiye saboda ɓarnar da ba ka riga ka yi ba. Akwai agirimen, takardar da ba mai karantawa sai ranar rigima. Amma wanda ya fi ɗaure mini kai shi ne kuɗin kallo. Kallo fa! Ka biya a kai ka ka leƙa ɗaki, ya yi maka ko bai yi maka ba, kuɗinka sun tafi.

Na ce, "Oga, wannan halas ne kuwa?"

Ya ce, "Ƙafarka da ka taka zuwa can, ta gwamnati ce?"

Ban ƙara tambaya ba, na karɓi kasona.

Wata rana wani malamin makaranta ya ga ɗaki, ya ce ya yi mashi, zai kawo kuɗi ranar Juma'a. Oga ya ce to. Laraba wata mata ta zo da kuɗinta a jaka, Oga ya miƙa mata makulli. Juma'a sai ga malamin nan da katifa a kan keke napep, da matarsa da goyo.

"Ai ka yi mini alkawari!"

"Nawa ka ajiye?"

"Ban ajiye ba, amma ka ce to."

"To ɗin nan nawa ce a banki?"

Ni na taya su mayar da katifar kan keke. Ranar ban iya cin abinci ba. Amma ku ji halin ɗan Adam: kafin shekara ta zagayo na fi Oga iya wannan magana. Duk wanda ya ce ɗaki ya yi mashi, sai in ce, "Ajiye wani abu, Malam, baki ba ya riƙe ɗaki." Sau goma a rana nake faɗinta. Ko sau ɗaya ban taɓa juya ta kaina ba. A zuciyata wannan dokar Abuja ce, ta mutanen da ba su san uban juna ba.

Ni ma fa haya nake, mu huɗu a ɗaki, gidan wata Madam mai murya kamar injin niƙa. Duk sabuwar shekara sai ta ƙara.

"Siminti ya tashi."

"Madam, ɗakin nan tun ina goye aka gina shi. Wane siminti?"

"In ba ka so, ga ƙofa, mutum biyar na layi."

Kuma gaskiya ta faɗa, suna layi. Shi ya sa na sakankance cewa kuɗin gida da fili a birni kaɗai suke haihuwa. Ƙanƙara? In na tuna filin Baba sai in ga ciyawar nan da kajin nan, in ce yana nan inda na bar shi.

A shekara ta uku na haɗa dubu ɗari ukun nan cif. Nan ne ya kamata in hau mota. Sai zuciya ta ce haba, ka je da kuɗin fili kawai, mutane su ce shekara uku abin da ya samo ke nan? Bari ka haɗa da na bulo da na kwano, ka sauka gaba ɗaya a san ka dawo. Na bi zuciya. Duk Salla ina kiran Baba in gaishe shi, mu yi maganar lafiya da damina, ban taɓa tada zancen fili ba, kar ya ga kamar ina mashi tuni. A shekara ta huɗu aka tashi ƙauyenmu. Ƙanwata Hinde ta kira ni ta ce sun tsira, ita da Inna suna Ƙanƙara, gidan wani bawan Allah. Na yi hamdala. Ban tambayi ko biya suke ba, don a saninmu wanda ya gudo ba a karɓar mashi kuɗin ɗaki. Abin da nake aikowa, na ɗauka duk cefane ne.

Shekara shida na yi, na dawo da kuɗi ɗaure a ciki, da sabon takalmi mai matse ni. Ina sauka tashar Ƙanƙara sai wata mota ta yi mini hon. Lawandi! Kun san shi, amma ba ku san shi da sanda da igiya ba. Lokacin da na tafi dillalin awaki ne a kara, kasuwar dabbobi, rigarsa ɗaya. Yanzu ga shi da mota, waya biyu, ƙeya ta yi tudu.

"Sama'ila na Abuja! Shigo in kai ka. An ce kai ma harkar gidaje kake?"

Na ce, "Muna taɓawa." Na faɗi abin da nake samu a wata mai kyau, har na ɗan ƙara gishiri.

Ya ce, "A wata?" Kamar mai yi mini jaje.

A hanya ya buɗe mini ido. Ya ce tun da ƙauyuka suka fara kwararowa gari, duk mai zaure ya raba shi biyu da zana ya zuba 'yan haya. Ya ce shi garuruwa uku yake zagayawa. "Nan Ƙanƙara ta hi kowa zahi, don kowa nan yake son zama, ga kasuwa ga jami'an tsaro. Abin da nike samu da, yanzu ko kuɗɗin mai bai kai ba. Faskari na biye, mutanen wajen Ruwan Godiya duk sun cika ta, ɗakin da a da za a ba ka kyauta don ka riƙa share shi, yanzu sai da shekara gaba. Sabuwa kuwa kashi biyu ce: tsakiyar gari wuta, bakin gari ko kyauta ba mai so, don masu hali can Funtuwa suke wucewa. Yarona na can bai samun rabin na Faskari."

Na ce, "Hili kamar na Baba Mai Gishiri fa, nawa zai yi?"

"In ka samu a miliyan uku ka yi sadaka."

Na ji kunnena ya yi ɗum. Amma a raina har murmushi nake. Na ce ni kam nawa a riƙe yake.

Sai da na ga Inna murmushin ya fara gushewa. Ɗakin ajiye harawa ne aka share aka sa musu, ba taga, in ka miƙe sai kanka ya bugi azara. Matar da ta bar gida mai rumbu uku! Na tambayi Hinde a gefe, ta faɗa mini abin da suke biya a shekara. Na sa ta maimaita. Saura kaɗan ya kamo na ɗakin Madam a Mararaba, inda aƙalla akwai wuta wani lokaci. Ashe rabin cefanen da nake aikowa mai gida ke cinyewa, sun ɓoye mini don kar hankalina ya tashi. Raina ya ɓaci, na ce, "Inna, ku ɗaure kaya, wata biyu kin bar nan." Ban ko sha ruwa ba na nufi gidan Baba.

Ta baya na bi don in fara gaisawa da filina. Na wuce wurin sau biyu ban gane shi ba. Ɗakuna takwas a jere, fuska da fuska, kowace ƙofa da labule, yara sun cika tsakiya, hayaƙin murhu takwas na tashi. Na tsaya riƙe da baki kamar wanda aka mara.

Na ishe Baba a zaure, ya tsufa ƙwarai, ido ya fara hazo. Na durƙusa na gaishe shi. Ya gane muryata.

"Sama'ila. Ka bi ta baya ko?"

"Na bi, Baba."

Ya daɗe yana murza carbi. Ya ce, "Shekara huɗu ina korar mutane a kan hilin nan. Alhazai sun zo, Lawandi ya zo ya hi sau goma. Ina cewa na ɗan Malam Idi ne. Rannan ɗiyana suka zamna gabana, suka ce, Baba, mi ya aje? Na ce maganata ce a aje. Suka ce mun ji taka, shi mi ya aje? Ba ka aje komi ba, Sama'ila, dole na bar masu hilin suka gina ɗakunan haya. Da ko kuɗɗin goro ka sa a hannuna gaban mutum biyu, ciniki ya ɗauru, ko wa ya zo sai in ce an saida, ɗiyan ma ba su da ta cewa. Ga shi ko a waya ba ka taɓa tada zancen ba. Na zaci ka samu wanda ya hi shi a Abuja."

Na ce, "Baba, kunyarka na ji."

Ya ce, "Ni ma kunyarka ta hana in tambaye ka."

Ban iya jin haushinsa ba, kuma hakan ya fi ciwo. Haushin kaina na ji, irin wanda har yau in ya taso sai in rasa inda zan sa raina. Ni da na wuni shekara shida ina koya wa baƙi su ajiye wani abu.

Na koma wurin Lawandi na ce a sayar da gonar ubanmu a cika. Gonar da sai ka yi hutu biyu kafin ka zagaye ta. Ya ce, "Wa za ya saye? Wa za ya noma ta?" Ya ce ko ya kai ni bakin garin Sabuwa, can kuɗina za su sayi fili har da canji. Na ce ai gudun bakin gari ya sa na tafi. A ƙarshe duk abin da na ɗauro a ciki, na fili da na bulo da na kwano, ɗan yanki ya saya mini, nan inda kuke zaune, rubu'in abin da Baba ya riƙe. Ɗaki biyu da makewayi, da bulon ƙasa, ni na gina da hannuna. Abin da ya rage na tsakar gida, tabarma biyu ba sa shimfiɗuwa.

Ranar da Inna za ta tare, ta aiki Hinde ta karɓo mata akuyarta. Akuyar nan kaɗai Inna ta tsira da ita daga ƙauye, ta ba wata mata ajiya tana cewa sai Sama'ila ya gina. Inna ta shigo da igiyar akuyar a hannu, ta duba gabas, ta duba yamma, ta taka daga bango zuwa bango, taki huɗu. Ta ce, "Masha Allah, ya yi kyau. Ita kuma ina za ta kwana?"

Ranar kasuwa ni na ja ta zuwa kara. Har yau Inna ba ta tambaye ni nawa aka saya ba.