An Janye Babur ɗin Kawu

Kawu: Salamu alaikum. Auta? Kana ji na?

Auta: Wa alaikumus salam. Kawu, ina wuni?

Kawu: Lafiya lau. Ya aiki? Ya maiɗakin taka da yara?

Auta: Duk lafiya. Ya ƙafar?

Kawu: Da sauƙi. Tsayuwar ƙofa shekara ashirin da bakwai ai ba ta barin mutum haka nan. Ya tarin ƙaramar?

Auta: Ta warke. Kawu, ina tsakiyar aiki.

Kawu: Na sani, magatakardan kwamitin tsaro guda. Ba don dole ba, da ban kira ba. Auta, an sace mini babur.

Auta: An me? Layin yana yankewa.

Kawu: Babur! A gindin bishiyar bayan ɗakin masu gadi, inda nake kafe shi kullum. Cikin harabar majalisa fa! Ni mai tsaron motocin mutane, a ce nawa aka ɗauke. Wa zan gaya wa wannan abin kunya?

Auta: Ba sace shi aka yi ba. Motar janwe ce ta ɗauke shi.

Kawu: Janwe? Ai marasa sitika take ɗauka. Nawa da koriyar sitika ta ma'aikata, ni na manna ta da hannuna.

Auta: An soke ta tun sha biyun rana.

Kawu: An soke? A kan me?

Auta: Ashe ba su ba ka takardar ba.

Kawu: Wace takarda? Auta, yi mini magana sosai, ni ba yaro ba ne.

Auta: Kawu, me ka yi wa Shugaban kwamiti da safe?

Kawu: Aikina na yi. Baƙar mota ta zo, sabuwa dal, ba lamba, ba sitika, gilashi baƙi ƙirin. Na tsayar da ita, na zura madubi a ƙarƙashinta, na ce direba ya buɗe but.

Auta: Bayan Shugaban ya sauke gilashi ka ga fuskarsa?

Kawu: Na gan shi, na gaishe shi da ladabi. Na ce ranka ya daɗe, sashe na huɗu ne na dokar shiga harabar.

Auta: Minti goma sha bakwai ka tsayar da shi, da baƙi a motar baya suna kallo. Wani har ɗaukar hoto ya yi.

Kawu: To ba shi ya kawo dokar ba? Ba kai ka tara mu a ɗakin taro ka karanta mana ita ba? Ka ce ko gyatumarka ce ta zo ba sitika, a tsayar da ita. Har tafi muka yi maka.

Auta: Magana ce ta taro, Kawu. Kowa ya gane, sai kai. Ita doka da ido biyu ake karanta ta, ɗaya a takarda, ɗaya a fuskar mai motar.

Kawu: Ba ka karanta mana wannan sashen ba.

Auta: Wanda ya shekara ashirin da bakwai a ƙofa bai san shi ba, ai tsufa kawai ya yi, bai koyi komai ba.

Kawu: Ni kake gaya wa haka?

Auta: Gaskiya ce, ɗaci gare ta. An sallame ka daga yau. Wanda ba ma'aikaci ba kuwa, abin hawansa ba ya kwana a harabar. Sashe na tara, tunda kana son sassa.

Kawu: Wa ya rubuta takardar?

Auta: Ofis.

Kawu: Ofis ba shi da hannu. Wa ya rubuta?

Auta: Ni. Shugaba ne ya ce in rubuta. In na ƙi, takarda biyu za a rubuta.

Kawu: Janwen fa, wa ya kira ta?

Auta: Hello? Ban ji ba.

Kawu: Ka ji sarai. A kan babur ɗin nan na goyo ka ranar da ka zo neman aikin nan. Ka riƙe rigata kana rawar jiki, na ce ɗan ƙanwata ba ya tsoro. Ni na buɗe maka ƙofar nan.

Auta: Yauwa, ka tuna mini. Don Allah kada ka hau sama kana cewa kai kawuna ne. Ya tambaye ni ɗazu, na ce unguwa ɗaya kawai muka taɓa zama.

Kawu: Unguwa ɗaya.

Auta: Ina da iyali, Kawu. Ka miƙa madubin da hula da usur kafin ƙarfe biyar, ka sa hannu. Kuma ta ƙaramar ƙofa za ka fita.

Kawu: Da ƙafar nan zan taka har bakin titi?

Auta: Ka tafi a hankali, ai ba sauri kake ba yanzu.

Kawu: Allah ya jiƙan gyatumarka, da ba ta ga yau ba. Tsaya, ga wata mota tana mini hon. Ita ma ba sitika. Auta, in buɗe mata ko in duba ta?

Auta: Ba ƙofarka ba ce.

Kawu: Amma madubin yana hannuna, ba kowa a wurin sai ni. Auta? Hello? Auta!