Filastar Japheth

A ɗakin jiran likita a Samaru, Goggo Asabe, wadda ko allura sai an danne ta, ta suri jakarta za ta sulale. Wani Japheth da ke gefenta ya ce, "Mama, ina zuwa?"

"Gida, ɗan nan. Wai hanjina ya ɓule cikin mafitsara. Yanka kuwa ba da ni ba!"

"Irin nawa ne, har riɗi na gani a fitsari. Ba yanka. Siririn bututu mai kyamara suka zura, suka toshe kafar. Duba, ko tabo babu." Ya ɗaga riga.

"To wannan ƙatuwar filastar fa?"

Ya rage murya. "Ni na manna. In 'yan dubiya ba su ga ciwo ba, farfesun kaza tsayawa yake."

Goggo ta koma ta zauna daram. "Kana da saura a aljihu?"