Wayar da Ta Yi Shiru Tun Lahadi

Ina rumfar mai gyaran waya ina jiran tawa, sai wani dattijo ya miƙa tasa.

"Ɗana, duba min wannan. Tun Lahadi ba ta yi ƙara ba."

"Baba, wa kake jira haka? Ko budurwa aka yi?"

"Rufa min asiri! 'Yata ce. Shekara bakwai da muka yi faɗa ta bar gida, ko gaisuwa. Kullum ina durƙushe gaban Yesu, na san zai amsa."

"To ai Allah ba ya kira a waya."

"Yakan aiko mai kira. Duba dai."

Mai gyaran ya latsa, ya kwashe da dariya. "Lafiyarta ƙalau! Wa ya kashe mata ƙara?"

"Af! Fasto ya ce a rufe bakin wayoyi lokacin addu'a. Na kusa da ni ya rufe min, na manta."

"Ga kira goma sha ɗaya daga lamba guda. Har da saƙo."

"Karanta min, ban zo da tabarau ba."

"'Baba, ka yafe min. Ina tafe ranar Asabar da jikokinka biyu.'"

"Halleluya! Ashe ina ta roƙo, amsar tana aljihuna! Kira ta, ɗana, ka ƙure ƙarar, kasuwa duka ta ji!"