Birame Ndoye, Wanda Muka Yi Wa Dariya

Mai girma Jaraf, uban garinmu, Malam Liman, wakilin magajin gari, da sai yau ya gane hanyar garin nan, Yaye Rokhaya, mahaifiyar mamaci, matarsa Seynabou, 'yan'uwana masu cirar kumba a duwatsun bakin teku: assalamu alaikum. Ni ce Dieynaba Samb, shugabar masu cira. Asabar za a buɗe duwatsun bayan masana'anta a fara cira, don haka maganata ba za ta yi daɗi ba.

Birame ɗanmu ne. Da kumbar tekun nan aka raine shi har ya zama masanin halittun ruwa. Ya kasance mai tsugunawa cikinmu da 'yan kwalabensa na gwaji. Ya kasance mai haƙuri da bakinmu, kun kuwa san bakinmu.

Wata rana ya fasa kumba, ya nuna mana baƙin ƙullutun nan da muke ware wa mai jego don ta yi jini. Ya ce, "Iyayena, nan ne hanjinta, nan take tara gubar da masana'anta ke zubarwa. Na duba, naman ya lalace tun tana da rai. Gubar nan ciwon daji take kawowa."

Ni na fara dariya. Na ce, "Oho, Dakta! Kai da ka sha romonta a nono? Boko ya sa ka ƙyamar tukunyar uwarka?" Har waƙa muka yi masa.

Ya kasance mai yawo da takardu ofis-ofis, shekara shida. Jami'ai su karɓa, su ba shi shayi, su raka shi ƙofa. Yau ga su a sahun gaba da manyan riguna.

Ciwon hanta ya ɗauke shi yana da shekara arba'in da ɗaya. Ban ce kumba ce ba, ni ba likita ba ce. Amma mata huɗu muka binne kafin shi da ciwo iri ɗaya, biyu da hannuna na dafa musu romon jego. Abin nan yana cin raina.

Yaye Rokhaya, ki yafe mana. Seynabou, ki riƙe takardunsa da kyau, kada ki ba mai babbar riga.

Kun san ba mai cira sai shugaba ta sa wuƙar farko. Na san gidajen da ba ko ƙwayar shinkafa, nawa yana ciki. Ku zage ni. Jaraf, ga wuƙar, ka ajiye ta. Bana ba zan sa ba.

Na gode da kuka saurare ni. Allah ya jiƙan Birame, ya sa ya huta, mu kuma ya ba mu kunnen da muka hana shi. Amin.