Haɗin da na ƙulla wa Mama

Ina gaishe ku duka cikin sunan Yesu Kristi Mai Cetonmu. Fasto, dattawa, iyayena 'yan zumuntar mata, 'yan'uwana matasa, salamar Ubangiji ta kasance tare da ku.

Sunana Rifkatu. An ce in rubuta shaidata a karanta wa ikilisiya, an kuma ce in tausasa harshe. Na farkon zan yi. Na biyun ban iya ba, ku yi haƙuri.

Da yawanku "Nas" kuke kirana. Ku daina. Ni ba nas ba ce, ban taɓa zama ba. Sakandare na gama a Shagari, inda aikin gwamnati ya kawo babana kafin a haife ni, inda kuma ya rasu ya bar ni da Mama. Bayan na gaji da zaman gida aka samo mini aiki a wani kemis a Kajiji. Da safe in hau mashin in tafi, da la'asar in dawo.

Karatun da mai shagon ya ba ni bai kai mako guda ba. Ya nuna mini kanta: nan na zazzaɓi, nan na gudawa, wannan layin duk na ciwon jiki. Sannan ya koya mini haɗi. Duk kun san haɗi, kada wani ya yi mini fuskar baƙo. A ɓallo ƙwaya daga wannan kati, a ɓallo daga wancan, huɗu ko biyar, a ƙulle a 'yar leda. Ba suna, ba takarda.

Masu ban ruwan albasa su ne manyan masu sayenmu. Mutum ya wuni a duƙe, ya shigo yana dafe da ƙugu.

"Likita, haɗo min na gajiya. Ki sa ja da ɗorawa, kak ki mance da 'yar hwarar nan ƙarama."

Wani tsoho kullum sai ya ce, "Ɗiyata, haɗinki ya hi na asibiti. Can sai tambaya, awa ka shiga hannun 'yan sanda."

In yi dariya, kaina ya ƙara girma. Har farar riga na kai aka ɗinka mini. A nan majami'a kuwa, kafin a gama albarkar rufewa wasunku sun riga sun tsaya mini a bakin ƙofa. Mai ciwon baya, mai ciwon haƙori. Ni kuma jakata cike da katunan magani, ina rabawa kamar alawa.

Mama tana da hawan jini, tana karɓar maganinta a asibiti a Bodinga. Sai gwiwoyinta suka fara damunta. Ta ce za ta gaya wa likita in ta koma. Ni ce na hana ta. Na ce, "Haba Mama! Ga ni a gida, ki je ki wuni a layi saboda gwiwa?"

Na ƙulla mata ƙwaya huɗu: ja, ɗorawa, kafso ɗaya, da 'yar farar. Kwana uku Mama ta miƙe tana share tsakar gida tana waƙa. Ranar Lahadi ta tsaya a gaban nan ta ba da shaida cewa Ubangiji ya warkar da ita ta hannun 'yarta. Kun tafa. Kun yi guɗa. Ni ma na miƙe na ɗaga hannu. Duk lokacin da na tuna ranar nan sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Wata huɗu tana sha. Fuskarta ta fara cika, kuka ce Mama ta yi ƙiba, hutu ya karɓe ta. Ta fara kukan ƙwannafi, na ɗora mata farin maganin ruwan nan na olsa, ban rage mata ƙwaya ko ɗaya ba.

Sai zumuntar mata ta sa azumi da addu'a na mako guda, a tsakiyar bazara, daga safe zuwa ƙarfe shida. Mama ce shugaba. Addu'ar a durƙushe ake yinta a kan siminti, kuma shugaba ba ta zama a benci sauran mata na ƙasa. Aka yi tambaya ko magani yana karya azumi, kuka yanke a tsakaninku cewa ba ya karyawa. Wannan kaɗai aka tambaya. Ko cikin da ba komai zai iya ɗaukar maganin, ba wadda ta tambaya, ni ma da ake kira Nas ban tambaya ba.

Mama ta riƙa haɗiye ƙulli ɗaya da safe da kurɓin ruwa. Da rana in durƙuso ya ci gwiwar, ta ƙara ɗaya. Na sani. Ni na ƙulla mata ƙarin, har na ce, "Ki ɗaure a bakin zane kada ki manta."

Rana ta biyar da safe, ina ɗaura ɗankwali zan fita, na ji kwano ya faɗi a bayan ɗaki. Na tarar da Mama a ƙasa, ta yi amai baƙi kamar ruwan gawayi, da gudan jini a ciki. Tafin hannunta fari fat. Da ƙyar ta gaya mini kwana uku ke nan bayan gidanta baƙi ne kamar kwalta. Ta ɓoye, wai ta ɗauka harin Maƙiyi ne don ya karya mata azumi.

Wayyo Allah!

Maƙwabcinmu Malam Umaru ya riga ya loda albasa zai tafi kasuwa. Ya sauke buhunan a ƙofar gida, muka shimfiɗa Mama a motar, sai Bodinga.

Ana sa mata ruwa, wata babbar nas ta ja ni gefe. Sista Hadiza, dattijuwa, Basakkwaciya, tabarau a kan hanci.

"Mi take sha?"

Na ce maganin hawan jini.

"Sai mi?"

Na kau da kai ina kallon ƙofa.

"Ke, ba ni da lokacin kunyarki. Uwarki na zubda jini ta ciki. Sai mi?"

Na kwance bakin zanen Mama na miƙa mata ƙullin. Ta zazzage a faranti.

"Wa ya haɗa wanga?"

"Ni ce."

"Ke nas ta?"

"A kemis nake aiki."

"Ba shi na tambaye ki ba." Ta ture ƙwaya ɗaya da biro. "Mi as sunan wagga?"

Na ce, "Ja. Ta ciwon jiki ce."

"Ja ba suna ba na. Akuyata ma ja ta."

Ta sa na fito da katunan daga jakata, ta ce in juya bayansu in karanta ƙananan rubutun da ƙarfi. 'Yan'uwa, shekara biyu ina ɓallo ƙwaya daga katunan nan, ban taɓa juya su na karanta ba. Diklofenak. Ibuprofen. Piroksikam. Ina karantawa ina in'ina kamar 'yar aji ɗaya.

Ta ce waɗannan ukun dangi ɗaya ne, uwa ɗaya uba ɗaya, riga ce kawai ta bambanta. Aikinsu ɗaya, ɓarnarsu ɗaya: suna cinye abin da ke kare bangon ciki, suna matse ƙoda, suna kuma faɗa da maganin hawan jini. Wanda ya haɗa su uku ya ninka ɓarnar ne, bai ninka sauƙin ba. Kafson nan kuma yakan wuce kwana guda bai bar jiki ba, ni kuwa ina ɗora wani a kan wani. 'Yar farar, prednisolon, ita ce ƙibar da kuka yaba. Ita ma ta taimaka wajen ɓula cikin, kuma bayan wata huɗu ba a yanke ta lokaci ɗaya, sai likita ya riƙa ragewa a hankali.

"Sannan kib ba ta su ciki wayam, cikin zahin nan, ba ruwa," in ji ta. Ba ta ɗaga murya ba. Da ta mare ni da ya fi mini sauƙi.

Likita ya ce jinin Mama ya yi ƙasa sosai, ƙodarta ta taɓu, in zubar bai tsaya ba sai Sakkwato, kuma bai yi alkawarin za ta kai ba. Na ba da jini. Malam Umaru ya naɗe hannun riga ya ba da nasa, ya koma ya tarar rana ta gasa masa albasa, bai taɓa yi mana ƙorafi ba.

Kashegari iyayena mata kuka zo. Na gode da zuwanku, amma zan faɗi abin da ya faru. Kun kewaye gadon kuna tsawata wa Shaiɗan, kuna cewa ya ga wutar azumin ne ya kawo hari. Ni kuma ina amin da ƙarfi, don maganar ta yi mini daɗi. Laifin ya sami mai ɗauka.

Ana cikin haka wata ta taɓa ni ta raɗa mini, "Nas, in kin sami sarari ki haɗo mini nawa, ya ƙare." A bakin gadon Mama! Ba zan faɗi suna ba, ta san kanta.

Na fice. Bayan ɗakin mata akwai bishiyar dogon yaro kusa da famfo. Rana tsaka, na zube a ƙasa. Ban yi addu'a mai tsari ba. Na ce, "Ubangiji, kowa na cewa Shaiɗan. Ni da kai mun san ba Shaiɗan ne ya ƙulla ledar nan ba. Ni ce. Son a kira ni Likita ne. Ka hukunta ni yadda ka ga dama, amma kada ka ɗauke uwata don ka koya mini hankali. Yesu, ka ji ƙaina!"

Ban ga haske ba, ban ji murya ba. Abu ɗaya ya tsaya mini a rai ya ƙi gusawa: tashi ki je ki faɗa. Na yi gardama, na yi kuka, na tashi.

Na koma na tsaya a ƙafar gadon na ce, "Ku bar Shaiɗan ya huta. Maganin da na haɗa ne ya ɓula cikin Mama, kuma irinsa ne a jakar wasunku yanzu haka." Wata ta ce in nemi gafarar Ubangiji, wai ina wanke Maƙiyi. Mama idonta a rufe, ban san ko ta ji ba.

Amma daga wannan sa'ar nauyin da ke ƙirjina ya sauka. Ubangiji ya fara cetona daga ƙarya kafin ya taɓa jikin Mama. Yabo ga sunansa!

Rana ta uku jinin ya tsaya. Ba a kai mu Sakkwato ba. Halleluya!

Kwana goma sha biyu muka yi. Kullum ina kallon Sista Hadiza tana rabon magani. Sai ta kira sunan mara lafiya ya amsa, ta duba takarda, ta karanta sunan maganin, ta duba nawa ne, ƙarfe nawa ne, ta baki ne ko allura, ta tambaya ko ya ci abinci, ko wani magani ya taɓa yi masa illa. In ya haɗiye ta rubuta. Rannan haƙurina ya ƙare na ce, "Sista, duk wannan a kan ƙwaya ɗaya?"

Ta dube ni ta saman tabarau. "Tun ba a haihe ki ba nike wanga aiki, har yau tsoron magani nike. Ke da ba ki tsoro nai, ga aikinki nan kwance."

Na je na gaya wa mai shagon. Ya ce, "Kowa haka yake yi. Ni na sa uwarki azumi?" Na ajiye masa mabuɗinsa. Na bi gidajen da na iya tunawa a Kajiji da Shagari ina roƙon su daina sha su je asibiti. Wasu sun ji. Tsohon nan ya kore ni, ya ce na lalace, na koyo tambayar asibiti. Har yau layi na nan a shagon, wata yarinya ce a bayan kanta, ita ma Likita suke kiranta.

Ba zan yi muku ƙarya cewa komai ya koma daidai ba. Ƙodar Mama ba ta dawo yadda take ba. An hana ta azumi, an hana ta yaji, duk wata sai Bodinga a auna jininta. Gwiwar ma tana nan. Matar da ke jagorar addu'a a durƙushe yanzu a benci take zama, kuma ni na zaunar da ita.

Safiyar farko da muka dawo gida, lokacin shan magani ya yi. Na ɗauko ledar asibiti. Na ajiye a gabanta na ce ta ɗauka da kanta, ni na gama taɓa magani.

Mama ta ce, "Rifkatu, na ji abin da kika faɗa a gaban mata ranar nan. Idona ne a rufe, ba kunnena ba." Ta tura mini ledar. "Ke za ki ba ni. Zauna ki karanta mini sunansa, da abin da likita ya rubuta."

Na karanta ina kuka, har inda aka rubuta a sha bayan an ci abinci. Ta saurara har ƙarshe, ta tambaye ni ko koko ya isa abinci, na ce ya isa. Ta shanye kokonta, ta buɗe tafin hannu, na sa mata ƙwaya ɗaya.

Na gode wa Ubangiji da ya bar mini uwata, ban cancanta ba. Na gode masa da ya aiko taimako ta hannun Sista Hadiza da Malam Umaru. Ku dogara ga Yesu, 'yan'uwa, yana jin addu'ar mai laifi in ya daina ɓoyewa. Amma ku dogara gare shi a kan hanyarku ta zuwa asibiti. Mai shan magani ya tambayi likita kafin ya ɗauki azumi. Wadda kuma ke da ƙulli a bakin zane yau, ta kwance ta kai wa masu ilimin abin su duba, tun tana tafiya da ƙafarta.

Ɗaukaka ta tabbata ga Allah, cikin sunan Yesu. Amin.